Gidan Gona Mai Shekara 600 da Ya Yi Ƙaura: Darasi Daga Ginin Katako na Bayleaf

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To amma a wannan maƙala, mai karatu zai ji labarin wani gida ne wanda shi da kansa ya bar mazauninsa, ya yi ƙaura zuwa wata gunduma, ya sake tsayawa da ƙafafunsa. Sunan gidan Bayleaf, kuma an gina shi ne a yankin Chiddingstone da ke gundumar Kent, a kudu maso gabashin Ingila, tun farkon ƙarni na 15.

A cikin shekarun 1960, kamfanin samar da ruwan sha na East Surrey ya dukufa wajen gina madatsar ruwa ta Bough Beech, aikin kuwa ya shafi filin da wannan gida yake. Sai kamfanin ya ba da gidan kyauta ga wani sabon gidan adana kayan tarihi. A hunturun 1968 zuwa 1969 aka zana gidan, aka sa wa kowane katako lamba, aka warware shi ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 1972 aka sake haɗa shi a ƙauyen Singleton, kusa da birnin Chichester, inda yake har yau.

Tambaya a nan ita ce: wane irin gini ne za a iya kwance shi kamar gadon ƙarfe, a loda a mota, a sake ɗaurawa? Sa'annan kuma, gidan da aka raba da ƙasarsa, shin an cece shi ke nan, ko kuwa da sauran magana? Waɗannan su ne abubuwan da za mu duba.

Ƙasar da ta haifi gidan

Yankin da Bayleaf ya fito ana kiransa Weald, kalmar da ke nufin kurmi a tsohon Turanci. Ƙasar wurin yumɓu ce mai nauyi, mai wuyar noma, amma tana karɓar wani itace mai tauri da Turawa ke kira ok. Saboda haka katako shi ne kayan ginin da ya fi kusa da hannun mutanen yankin.

A shekarun 1348 da 1349 wata annoba ta hallaka aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila. Bayan wucewarta, ma'aikata suka yi ƙaranci, filaye kuwa suka yi yawa, har wasu iyalan manoma suka tara gonaki, suka zama masu rufin asiri. Irin waɗannan manoma ne, daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 16, suka cika Kent da Sussex da manyan gidajen katako masu fasali iri ɗaya. Bayleaf ɗaya ne daga cikinsu.

Kada mai karatu ya zaci sai da manyan itatuwa ake irin wannan gini. Masanin tarihin dazuzzuka Oliver Rackham ya taɓa ƙidaya katakon wani gidan gona na ƙarni na 15 a gundumar Suffolk, ya tarar an yi amfani da itatuwa kimanin 330, rabinsu kuwa kaurinsu bai kai inci 9 ba. Ke nan kafintan wancan zamani yakan zaɓi itace mafi ƙanƙanta da zai iya yin aikin, ya sassaƙe shi da gatari da gizago, ya fitar da katako guda daga itace guda.

Yadda ake haɗa ƙwarangwal

A ginin ƙasa irin namu, bango ne ke ɗauke da azara da dukkan nauyin rufi. In aka rushe bango, rufi ya biyo baya. A ginin katako kuwa, ƙwarangwal ɗin katako ne ke ɗauke da nauyi, bango cike gurbi kawai yake yi. Ana fara ɗan ƙaramin tushe na dutse, a shimfiɗa katako a kansa, a kafa ginshiƙai a kan wannan katako, a haɗa kawunansu da wasu katakai na kwance. A kusurwoyi ana sa katakon dogari a karkace. Dalilin haka sananne ne ga ɗalibin lissafi: siffa mai kusurwa huɗu tana iya karkacewa in an tura ta, amma mai kusurwa uku ba ta sāke kamanni sai in ɗaya daga cikin gefunanta ya karye.

Babban sirrin yana wurin haɗin katako da katako. Kafinta yakan fiƙe ƙarshen katako guda ya zama kamar harshe, ya haƙa wa ɗayan rami daidai da shi, ya zura harshen a ramin, sa'annan ya soke su da fegin itace. Akwai wata dabara a nan: hudar da ke jikin harshen ba ta yin daidai da ta jikin ramin, akan ɗan gusa da ita kaɗan da gangan. Idan aka buga fegi, sai ya ɗan lanƙwashe, ya jawo katakan biyu su rungumi juna. Ba a amfani da ƙusar ƙarfe a waɗannan mahaɗai, domin ƙarfe yana da tsada a lokacin, kuma itacen ok yana ɗauke da wani sinadari mai tsami da ke cin ƙarfe idan akwai laima.

Har ila yau, da ɗanyen itace ake aikin, galibi cikin shekara ɗaya ko biyu da sarewa, saboda busasshen ok ya fi ƙarfin gatari da zarto. Katakon yana bushewa ne a jikin gini. Itace kuwa idan yana bushewa yana tsukewa sosai ta faɗinsa, amma ta tsawonsa kusan ba ya raguwa. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ake ganin tsofaffin gidajen nan da tsage-tsage da 'yan karkace-karkace, alhali suna nan daram.

Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci ga labarinmu, shi ne cewa ba a tsaye ake fara haɗa gidan ba. Akan shimfiɗa kowane ɓangare a ƙasa, a gwada mahaɗansa, a yanka wa kowane katako alama, galibi da lambobin Romawa, sa'annan a warware a kai wurin gini a ɗaga. Ashe gidan da aka kwance a 1968 ya riga ya saba da kwancewa tun ranar haihuwarsa. Ma'aikatan da suka warware shi sun bi sawun kafintocin farko ne, sai dai daga ƙarshe zuwa farko.

Bayan ƙwarangwal ya tsaya, sai a cike guraben da ke tsakanin katakai. Akan kafa sanduna a tsaye, a saƙa tsumagu a tsakaninsu kamar kwando, a yaɓe ciki da waje da yumɓun da aka kwaɓa da ciyawa da kashin shanu, a shafe da farar ƙasa.

Fasalin gidan da rayuwar cikinsa

Bayleaf yana da ɗakuna shida, huɗu a ƙasa, biyu a bene. A tsakiya akwai babban zaure wanda ba shi da bene a kansa, mutum yana tsaye yana hango ƙarƙashin rufi. Murhu yana tsakiyar daɓe, babu bututun fitar da hayaƙi. Hayaƙin yakan tashi ya taru a sama, ya sulale ta tsakanin tayil ɗin rufi da sauran kafofi. Tagogi ba su da gilashi, sai murafun katako. A wannan zaure ake cin abinci, ake karɓar baƙi, ake jin ɗumi.

A gefe guda na zauren akwai hanyar wucewa da ta ratsa gidan daga ƙofar gaba zuwa ta baya, bayanta kuma ɗakuna biyu na ajiyar abinci da abin sha. A ɗaya gefen akwai ɗakin maigida, da ɗakin kwana a samansa, wanda ke da ɗan makewayi da ya fita daga jikin bango. Tsarin da kansa yana nuna matsayi: kusa da ƙofa wurin barori ne da hidima, can ƙurya kuwa wurin masu gida.

Wanda ya tsaya a gaban gidan zai lura cewa benayen gefe biyu sun turo gaba, sun zarce bangon ƙasa, zauren tsakiya kuwa ya noƙe ciki, amma rufi guda ne ya lulluɓe duka. A gaban zauren, wasu lanƙwasassun katakai ne ke tallafe da bakin rufin. Wannan turowar bene tana da amfani ta fuskar kimiyya: nauyin bangon sama da ke danna ƙarshen katakon daɓe yana rage lotsawar tsakiyarsa, kuma mahaɗai ba sa taruwa wuri guda su raunana ginshiƙi. Bugu da ƙari, ado ne da ke shaida wa mai wucewa cewa mai gidan nan yana da abin hannu.

Gidan bai tsaya yadda aka gina shi ba. A ƙarni na 16 mutanen Ingila suka fara gajiya da hayaƙi. Wani malamin coci mai suna William Harrison ya rubuta a 1577 cewa dattawan ƙauyensu suna lissafa yawaitar bututun hayaƙi cikin manyan sauye-sauyen da suka gani a rayuwarsu. Shi ma Bayleaf daga baya an shimfiɗa bene a kan zaurensa, kuma a ƙarni na 17 aka gina masa bututun hayaƙi na bulo. Mai karatu ya riƙe wannan batu, za mu komo kansa.

Yadda itace ke faɗin shekarunsa

Ta yaya aka san shekarun gidan? A ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani, itace yana girma a lokacin ɗumi, ya dakata a lokacin ɗari, don haka kowace shekara yakan ƙara zobe guda a jikinsa. Shekara mai kyau tana ba da zobe mai faɗi, shekarar wahala kuwa siriri. Itatuwan yanki guda yanayi ɗaya suke sha, saboda haka jerin faɗi da sirantar zobbansu yana kama da juna. Wani masanin taurari ɗan Amurka, A. E. Douglass, shi ne ya kafa wannan fanni na ilimi a jihar Arizona a farkon ƙarni na 20.

Masana sukan fara da itatuwa masu rai, su haɗa jerin zobbansu da na katakon tsofaffin gine-gine, su yi ta komawa baya har su sami ma'auni na ɗaruruwan shekaru. Idan aka zo ga sabon gida, sai a huda katako a zaro ɗan siririn yanki kamar fensir, a auna zobbansa, a nemi inda suka dace a jikin ma'aunin. In zoben ƙarshe da ke ƙarƙashin ɓawo yana nan, ana iya faɗin shekarar da aka sare itacen. In kuwa kafinta ya sassaƙe shi, ko ƙwari sun cinye, sai a ba da tazarar shekaru. Tun da ɗanye ake aiki da itacen, shekarar sarewa kusan ita ce shekarar gini.

Ta wannan hanya aka gano cewa zauren Bayleaf da ɓangaren ajiyarsa an gina su tsakanin 1405 da 1430. Ɓangaren maigida kuwa ya zo ne bayan shekaru masu yawa, a gurbin wani gini da ya riga shi. Wato gidan da ido ke gani kamar aikin hannu guda, aikin zuriya daban-daban ne.

Abokan gābar katako

Ingila ba ƙasar gara ba ce, amma katako yana da maƙiya a can, kuma shugabansu ruwa ne. Busasshen ok yana iya yin ɗaruruwan shekaru. Idan laimar cikinsa ta haura kimanin kashi 20 cikin 100 ta daɗe a haka, sai funfuna mai ruɓar da itace ta samu wurin zama. Ita kuma takan tausasa katakon, ta buɗe hanya ga wani ƙwaro wanda tsutsarsa ke shafe shekaru tana rarake cikinsa. Wuraren da suka fi shiga haɗari su ne katakon shimfiɗa na ƙasa, da gindin ginshiƙai, da duk inda rufi ke yoyo.

Abin mamaki, gyaran zamani ya cuci gidaje da yawa. Yaɓen yumɓu da farar ƙasa suna shan ruwa, suna kuma barinsa ya fita idan iska ta kaɗa. Siminti da fentin roba kuwa ba sa motsi tare da katako. Sukan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya kwanta a jikin itace. Don haka masu gyaran tsofaffin gidaje suka koma ga farar ƙasa, kamar yadda aka ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan gindin ginshiƙi ya ruɓe, ba a jefar da shi duka, akan yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, a yi masa ƙari da sabon ok.

Kariyar doka

Wannan ra'ayi na gyara kaɗan-kaɗan yana da tarihi. A 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, suna kira da a riƙa kula da gini kullum, a daina kankare shi da sunan mayar da shi sabo. A 1896 ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, ta sayi gininta na farko a kan fam 10. Gidan limamin coci ne a ƙauyen Alfriston, mai fasali irin na Bayleaf.

Hannun hukuma ya ƙara ƙarfi ne bayan ɓarnar bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Dokokin tsara birane da karkara na 1944 da 1947 suka kawo tsarin yi wa gine-gine masu daraja rajista. Dokar 1968 ta wajabta neman izini kafin a rushe ko a sauya gini mai rajista, dokar 1990 kuma ta tattara waɗannan ƙa'idoji wuri guda. Gine-ginen da ke cikin rajistar Ingila sun haura 370,000, a matakai uku. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna mataki na ƙasa, na ƙoli kuwa kimanin kashi biyu da rabi ne kacal. Duk ginin da ya riga shekarar 1700, in bai sauya ƙwarai ba, akan sa shi a rajista. Gidan yana nan mallakar mai shi, yana iya zama ciki ko ya sayar, amma yin aikin da zai taɓa darajarsa ta tarihi ba da izini ba laifi ne da kotu ke hukuntawa.

Ƙaura: riba da hasara

Duk da haka, akwai lokacin da gini ba zai iya zama a wurinsa ba, kamar idan hanya ko madatsar ruwa ta biyo ta kansa. Shekarun 1960 sun ga rushe-rushe da yawa a kudancin Ingila. Wannan ne ya sa malamin tarihi Roy Armstrong da abokan aikinsa suka kafa gidan tarihi na Weald da Downland a 1967, aka buɗe shi ga jama'a a 1970. Sun yi koyi ne da Skansen na birnin Stockholm a Suwidin, wanda Artur Hazelius ya buɗe a 1891, inda ake tara gine-gine sukutum a fili. Yanzu akwai gine-gine fiye da 50 a Singleton.

Ribar ƙaurar Bayleaf a fili take. Gidan ya tsira, kuma warware shi ya ba masana damar ganin kowace mahaɗa da kowane ramin da aka daina amfani da shi, abin da ba ya yiwuwa a gidan da mutane ke ciki. An ƙawata shi da kayan ɗaki irin na wajen 1540, aka kafa masa lambu, aka kawo rumbun katako na 1536 daga Cowfold aka ajiye kusa da shi. Ɗalibi yana iya shiga ya zauna kusa da murhu, hayaƙi ya shiga idonsa, ya fahimci abin da littafi ba zai iya koya masa ba.

Hasarar ma ba ƙarama ba ce. Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta nuna cewa gini ba ya rabuwa da tarihinsa da muhallinsa, kuma ba a yarda a ɗauke shi ba sai in ceton ransa ko wata babbar maslaha ta tilasta. Bayleaf ya rabu da gonakinsa da hanyoyinsa da maƙwabtansa. Sa'annan ga batun da muka ce a riƙe: da aka sake haɗa gidan, an mayar da zauren a buɗe, ba tare da benen da aka ƙara ba, ba kuma bututun hayaƙin bulo. Zamani guda aka zaɓa aka nuna, aka ajiye rayuwar iyalan da suka zauna ciki na ƙarnuka uku ko fiye bayan haka. Mabiya ra'ayin Morris za su ce waɗannan ƙare-ƙare su ma tarihi ne. Masu gidan tarihin kuwa za su amsa cewa gidajen da aka sauya suna da yawa a Kent, amma wurin da mutum zai ga buɗaɗɗen zaure da wuta a tsakiya ba shi da yawa. Kowane ɓangare yana da hujja. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi yarda da ita yanzu ita ce, a bar gini a wurinsa muddin akwai hali, ƙaura kuwa sai in an rasa yadda za a yi.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa abin da ya ba Bayleaf damar tsira shi ne yadda aka gina shi: harshe da rami da fegi, da alamomin da kafinta ya yanka shekara 600 da suka wuce. Mun kuma ga cewa adana gini ya ƙunshi zaɓi, kuma kowane zaɓi yana da farashi. Ga malamai, akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi a aji: a haɗa kara huɗu da ƙusa guda a kowace kusurwa, a tura a ga yadda suke karkacewa, sa'annan a ƙara kara na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa a sake turawa. Bayan haka sai a tambayi ɗalibai: da su ne aka ba katakon Bayleaf a 1972, da bututun hayaƙi za su sake gina shi, ko kuwa babu? Kowa ya kawo amsarsa tare da hujja.